Zan yi wata uku a gidan yayana kafin in wuce karatu, ina neman shawara

Nanah_M:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Kanada, zangon da zai fara a watan Janairu, bizar ma ta fito alhamdulillahi. Aikin da nake yi zan ajiye shi ƙarshen Satumba, hayar ɗakina ma a lokacin take ƙarewa. Yayana da ke zaune a Jamus da iyalinsa ya ce maimakon in sake kama haya saboda 'yan watanni, in taho wajensu tun farkon Oktoba, in wuce Kanada daga can a ƙarshen Disamba. Rabona da shi an jima, 'ya'yansa ma a waya kawai na san su, don haka raina ya biya ƙwarai. Sai dai abu biyu ke damuna. Gidan ba babba ba ne, matarsa kuma ban taɓa zama da ita ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sannan ban sani ba ko dogon zango irin wannan zai iya jawo mini matsala wajen biza ko tikiti. Wanda ya taɓa yi, ko ya taɓa saukar da wani, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Abban_Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun. Ni dai shawarata ki je, kada ki tsaya dogon tunani. Da zarar kin shiga aji hutun da za ki riƙa samu gajere ne, kuɗin jirgi kuma ba kullum ɗalibi ke da shi ba. Damar zama da ɗan'uwanki irin wannan ba lallai ta sake zuwa nan kusa ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma yaran nan suna da haƙƙin su san goggonsu ido da ido.

Mai_Lissafi:
Kafin a kai ga maganar matar yaya, mu fara duba kalanda, domin wata ukun da kika faɗa sun riga sun haura abin da doka ta yarda. Jamus tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da ake shiga da biza ɗaya, kuma bizar ziyara ba ta ba mutum fiye da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Oktoba kwana 31, Nuwamba 30, Disamba 31, jimla 92 ke nan. Ranar da kika sauka ana ƙirga ta cikakkiya ko da ƙarfe 11 na dare jirgin ya iso, haka ma ranar fita. Idan kin shiga 1 ga Oktoba, 29 ga Disamba ce ranarki ta ƙarshe. Ni kuwa ba zan so tikitinki ya faɗa kan wannan ranar ba. Tsakiyar hunturu ne, dusar ƙanƙara takan sa a soke jirage, sai ki wayi gari kin zarce ba da laifinki ba. Ki bar tazarar mako guda aƙalla. Tsallakawa Faransa ko Italiya kuma ba ya tsayar da ƙirgen, duk yanki ɗaya ne.

Matafiya_Asabe:
Ƙari a kan abin da Mai_Lissafi ya ce, ba kowa ake ba kwana 90 ɗin ba ma. A jikin bizar da ake mannawa a fasfo abubuwa uku ne: ranar da take farawa da ranar da take ƙarewa, adadin kwanakin da aka yarda ki zauna, da kuma sau nawa za ki iya shiga. Mutane da yawa ranar ƙarewar kaɗai suke dubawa. Za ki ga biza mai wa'adin wata shida, amma kwanakin zama 30 ne kacal a rubuce. Idan kuma ta shiga sau ɗaya ce, kika fita daga yankin, misali kika je Ingila ko Ayilan gaida wani, to babu komawa. Tun daga 12 ga Oktoba 2025 suka fara sabon tsarin da na'ura ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu tana rubuta ranar shiga da fita, saboda haka ƙirgen ba ya ɓacewa. Kada ki sayi tikitin da ba a canzawa sai kin ga abin da aka rubuta miki.

Hajiya_Maijidda:
'Yata, su sun yi miki maganar takardu, ni bari in yi miki ta cikin gida, don na sauki baƙi iri-iri a zaman da muka yi a waje. Kin ce yayanki ya ce ki zo. To matarsa fa, me ta ce? Shi zai fita aiki da safe ya dawo da dare, ku gaisa ku yi hira, a wajensa komai lafiya. Ita ce za ta raba banɗaki da ke, ita za ta tayar da yaro daga gadonsa don ki samu wurin kwana, ita za ta riƙa sa mayafi a ranta ko da ba ta sa a jikinta ba, tana auna kowace magana da za ta yi wa mijinta saboda ƙanwarsa na ji. Ba mugunta ba ce, haka zaman yake. Ki kira ta da kanki, ba ta wayar yayanki ba. Ki ce Anti ga abin da Yaya ya faɗa, ni kuma ban so in yanke ba sai na ji daga bakinki, wane lokaci ya fi miki sauƙi, kuma tsawon wane lokaci. Ko amsar ba ta canza komai ba, ta san kin ɗauke ta a matsayin mai gida, ba mai hidima ba.

Dan_Baiwa:
Hajiya, da girmamawa, amma abin nan ya yi yawa. Gidan yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya gayyace ta. Yanzu sai ƙanwa ta nemi izinin matar wa kafin ta shiga gidan ɗan'uwanta? Wannan shi ke sa 'yan'uwa su zama baƙin juna.

Hajiya_Maijidda:
Dan_Baiwa, ban ce izini ba, na ce ta ji daga bakinta. Kwana biyu ko uku ne babu mai cewa komai. Wata uku a gida mai ɗaki biyu ko uku, a ƙasar da babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ka shiga ka sha iska, ga sanyin da ke kulle kowa a ciki, wannan zama ne ba ziyara ba. Wanda ya raina wannan kiran wayar bai taɓa zama mai masauki ba.

Malam_Nura:
Addini ma bai bar wannan babin ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna wajen mai masaukinsa har ya sa shi cikin ƙunci ba. Ba hana dogon zama hadisin ya yi ba. Abin da ya nuna shi ne bayan kwana uku nauyin lura ya koma kan baƙon. Shi zai riƙa duba ko an takura, domin mai masauki mai kunya ba zai taɓa faɗa ba. Don haka Dan_Baiwa yana da gaskiya cewa 'yan'uwantaka ta ba ta ƙofa, Hajiya kuma tana da gaskiya cewa ƙofar ba ta ɗauke mata wannan nauyin ba.

Ummu_Sadiq:
Malam tunda ka shigo, tambaya ta ɗan kauce. Ita da take kan hanya ba ta isa inda ta nufa ba, za ta ci gaba da kasaru ne duk tsawon zaman?

Malam_Nura:
A'a. A mazhabar Malikiyya, da matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallah. Shafi'iyya ma kwana huɗu ne ban da ranar shiga da ta fita, Hanafiyya kuma suka ce kwana 15. Wata uku ya wuce duka, don haka da saukarta za ta cika, sai ranar da ta sake kama hanya. Abin da zai fi ba ta mamaki shi ne lokutan sallar. A watan Disamba rana tana faɗuwa a tsakiyar Jamus wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa. Duk wanda zai fita gari bayan azahar sai ya tsara inda zai yi la'asar.

Kawu_Sale:
A dawo kan takardu, akwai abin da ba a faɗa ba wanda ya shafi yayan nata kai tsaye. Idan ba za ta nuna isassun kuɗin kanta ba, ofishin jakadanci zai nemi takardar ɗaukar nauyi. Ba wasiƙar gayyata ce kawai ba da mutum zai rubuta a gida. Shi zai je ofishin kula da baƙi na garinsu, su duba albashinsa da yawan iyalin da ke ƙarƙashinsa, ya sa hannu cewa duk kuɗin da hukuma ta kashe a kanki, na asibiti ko na mayar da ke idan kin ƙi fita, shi zai biya, kuma alƙawarin yana bin sa har shekara biyar. Na faɗi haka ne don ki san girman abin da yake yi miki. Idan kika zarce wa'adi ba ke kaɗai abin zai taɓa ba, gobe in ya zo gayyatar mahaifiyarku ko surukarsa, tarihin baƙonsa na baya yana nan. Samun ranar ganawa a wannan ofis ma yakan ɗauki lokaci, ya fara nema tun yanzu.

Matafiya_Asabe:
Haka ne Kawu. Kuma bizar daga ƙasar da kike zaune ake nema, ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kada kuma ya gaza kwana 15. Yawanci amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kai wa 45. Inshorar lafiya dole ce, wadda za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000 kuma ta rufe dukkan kwanakin zaman. Fasfo kuma sai ya kasance an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da sauran wata uku bayan ranar fitarki, da shafi biyu da babu komai a kansu.

Sarkin_Hanya:
Shawara ta sirri: ki nemi bizar tun kina wurin aiki, ki karɓi takardar hutu, ki ce ziyarar mako uku za ki yi ki dawo. Kada ki ambaci Kanada sam. In suka ji kin ajiye aiki za su ce ba ki da abin da zai mayar da ke gida.

Mai_Lissafi:
Sarkin_Hanya, wannan shawarar za ta iya rusa mata komai. Na farko, bizar Kanada tana manne a cikin fasfon da za ta miƙa musu, ina za ta ɓoye ta? Na biyu, in ta ce mako uku, kwanakin mako uku za su iya rubuta mata, shirin ya tashi ke nan. Na uku, dokar shiga yankin ba ta ce lallai sai mutum ya koma ƙasarsa ba, ta ambaci wucewa zuwa wata ƙasar da tabbas za a karɓe shi. Takardar gurbin karatu, bizar Kanada, da tikitin Toronto (Kanada) mai rana, babu hujjar fita da ta fi waɗannan ƙarfi. Kuma fom ɗin Kanada da na Ingila suna tambaya ko an taɓa hana mutum biza ko an umarce shi ya bar wata ƙasa. Ƙarya guda a nan za ta bi ta zuwa lokacin sabunta takardun karatu. Nanah, ki rubuta gaskiyar shirinki a wasiƙa gajera, ki haɗa da takardun.

Sarkin_Hanya:
To, na ji. Ni dai na ga waɗanda aka hana saboda babu aiki. Amma gaskiya bizar da ke cikin fasfo ta canza lissafin.

Yar_Baba:
Ni na yi irin wannan zaman a gidan ƙanwar mahaifiyata kafin in wuce inda nake yanzu, kuma har gobe ina gode wa Allah da na yi. A wajenta na koyi yadda ake sa kaya hawa-hawa a lokacin sanyi, yadda ake karanta jadawalin jirgin ƙasa, yadda ake ware shara, yadda ake yin alƙawarin ganin likita. Abubuwa ne ƙanana, amma wanda ya sauka shi kaɗai a tsakiyar Janairu a Kanada bai san su ba, ga aji ya fara, ga kewar gida, zai sha wuya. Ni na isa makaranta jikina ya riga ya saba da duhun yamma da sanyi. Abin da ya taimaki zamanmu shi ne tun makon farko na ɗauki aiki ɗaya na mayar da shi nawa, wato raka yara makaranta da ɗauko su. Ban tsaya ina tambayar "akwai abin da zan yi?" kullum ba, domin wannan tambayar ita ma aiki ce ga mai gida, kullum sai ta ce a'a ki huta. Sannan kowace rana ina fita na 'yan sa'o'i, ɗakin karatu na gari ko yawo kawai, don ita da mijinta su samu gidansu.

Baban_Khalifa:
Madalla da Yar_Baba. Bari in faɗi ta ɓangaren da bai yi daɗi ba. Ɗan yayata ya sauka a gidana da niyyar ɗan gajeren zama kafin takardunsa na wata ƙasa su fito. Takardu suka yi ta jinkiri. Yaron kirki ne, ba shi da fitina, amma babu wanda ya san ranar tafiya, shi ma bai sani ba. Abin da ya gajiyar da mu ke nan, ba cinsa ko shansa ba. Ba ka iya shirya komai, ba ka iya gayyatar wani baƙon, yaranka suna tambaya yaushe za su koma ɗakinsu ba ka da amsa, in ka tambaye shi labarin takardu kuma sai ya ji kamar korarsa kake. Har ya tafi ba a yi faɗa ba, amma sai da muka ɗauki lokaci kafin hira ta dawo tsakanina da uwarsa. Baƙo raɓa ne, amma sai an san gari zai waye. Nanah ta fi shi sa'a domin ranarta a rubuce take. Ki sayi tikitin fita kafin ki shiga, ki tura wa yayanki da matarsa hotonsa su biyun.

Dan_Baiwa:
Baban_Khalifa, Allah ya saka da alheri da ka riƙe shi. Amma ka ga ai ka riƙe shi ɗin, kuma ladan yana nan. Abin da nake gudu shi ne mu koya wa yara lissafin kwana tsakaninsu da jininsu.

Baban_Khalifa:
Lissafin ne ke tsare zumuncin, ɗan'uwa. Da an yi shi tun farko da ban yi watanni ina jin nauyin kiran yayata ba.

Jirgin_Dare:
Maganar tikiti da ta tambaya babu wanda ya taɓa sosai. Na yi aiki a wajen sayar da tikiti, ga abin da nake gani. Kada ki sayi tikitin Kanada mai yada zango a Farankfot ta Jamus da niyyar ki sauka a nan ki ƙi hawa jirgi na biyu. Da zarar ba ki hau wani ɓangare ba, kamfanin zai soke duk sauran, jakunkunanki kuma Toronto za su wuce. Hanya biyu ce. Ko tikiti ɗaya mai garuruwa da yawa, ɓangare na farko a Oktoba na biyu a Disamba, ko tikiti biyu daban. In kin ɗauki na biyun ki duba kaya da kyau, domin tikitin farko zai iya ba ki jaka biyu masu kilo 23, na biyun mai rahusa ya ba ki ɗaya ko ma babu, ke kuwa kayan shekara biyu kike ɗauke da su. Sannan ki guji jirgin da zai bi ta Amurka. Su ba su da tsarin wucewa ba tare da an shiga ƙasa ba, ko canza jirgi kawai za ki yi sai da bizarsu. Akwai jirage kai tsaye daga Farankfot zuwa Toronto, tafiyar awa takwas zuwa tara.

Likita_Rabi:
Abu biyu daga ɓangarena. Idan an yi miki gwajin lafiya na Kanada, sakamakon wata 12 yake aiki daga ranar gwajin, kuma ana so ki shiga ƙasar kafin ya ƙare. Ki duba ranar, ki duba kuma wa'adin da ke jikin wasiƙar da za ki nuna a filin jirgi a ba ki takardar izinin karatu. Na biyu, inshorar tafiya ta larurar gaggawa ce, yawancinsu ba sa biyan ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Mai asma, hawan jini ko sikila ta taho da maganin da zai ishe ta har ta daidaita a Kanada, a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Ki je wajen likitan haƙori ma kafin ki tashi.

Nanah_M:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na bi shawararki na kira Anti jiya. Ta ji daɗin kiran sosai, mun daɗe muna hira. Ta ce tana marhabin da ni, amma ta faɗa mini abin da Yaya bai faɗa ba: mahaifiyarta ma ana shirin zuwanta a Oktoba. Ke nan da mu biyu za mu haɗu a gidan. Yanzu ina tunanin in rage, in je tsakiyar Nuwamba in tashi kafin ƙarshen Disamba. Wata tambayar kuma, kuɗi fa? In ba su wani abu ne ko hakan zai zama raini?

Hajiya_Maijidda:
Kin gani ko 'yata. Ba ɓoyewa ya yi ba, maza ba sa haɗa waɗannan abubuwan a kansu. Batun kuɗi, kada ki miƙa wa yayanki kuɗi a hannu, ba zai karɓa ba kuma zai ji ba daɗi. Ki riƙa bin Anti cefane, wani lokaci ki riga ta biya, abin da kika ga ya ƙare a gida ki sayo ki ajiye ba tare da sanarwa ba. Katin jirgin ƙasa da na waya ki ɗauki nauyin kanki. Ki kula da wuta da ruwan zafi, domin a lokacin sanyi kuɗin ɗumama gida shi ne babban nauyi, kuma a Jamus sai ƙarshen shekara lissafin yake fitowa, bayan kin tafi. Amma abin da ya fi kuɗi shi ne bakinki. Duk abin da kika gani tsakaninsa da matarsa, ko yadda take tarbiyyar yaranta, a nan ya tsaya. Za a kira ki daga gida a ce yaya kika ga zaman nasu, ki ce lafiya lau. Magana ɗaya da za ki faɗa wa mahaifiyarku da kyakkyawar niyya za ta iya zama abin da matar nan za ta yi shekaru tana biya. Kuma in yaro ya yi ba daidai ba ki faɗa wa uwarsa a gefe, kada ki yi hukunci da kanki.

Ummu_Sadiq:
Wallahi wannan ta ƙarshen ita ce. Zo mu zauna zo mu saɓa, ba a rasa ɗan abin da za a gani. Ni ƙanwar mijina da ta zauna da mu ba ta taɓa kai maganata ko'ina ba, shi ya sa yau ta fi wasu 'yan'uwana na jini kusa da ni.

Dan_Makaranta:
Tunda za ta daɗe, ba za ta iya ɗan neman aiki ba ko na wata ɗaya, ta tara na kashewa?

Kawu_Sale:
Kul. Bizar ziyara ba ta aiki ba ce, ko a shagon abokin yayanta ne. In aka kama, ita da mai shagon duk sun shiga uku, ga kuma karatun da ke gabanta. Ingila ma haka take, baƙo yana iya zama har wata shida amma dokarsu ta hana shi yi wa kamfani aiki ko da ba biya. A Kanada ɗin ma ba ta da izinin aiki sai karatun ya fara. Ta yi amfani da lokacin wajen neman ɗaki, karanta abin da malamanta suka turo, da gyara maganar banki. Layin wayarki na gida kada ki bari ya mutu, Nanah, domin lambobin sirri na banki ta nan suke shigowa.

Abban_Hanif:
Ni dai har yanzu ina ganin an tsorata yarinyar nan fiye da kima. Daga wata uku an dawo da ita wata ɗaya da 'yan kwanaki. Makon farko gajiya da baƙunta ne, makon ƙarshe haɗa kaya ne, me ya rage? Yara ba sa sakin jiki da mutum sai an ɗan jima. In surukar za ta tafi ƙarshen Oktoba, me zai hana Nanah ta shiga farkon Nuwamba? Ita kuma Antin ai ta ce tana marhabin.

Hajiya_Maijidda:
Abban_Hanif, mace ta gama hidimar uwarta yau, gobe ta tarbi ƙanwar miji? A bar ta ta numfasa mako biyu. Kuma a tambayi mai gidan haya, wasu yarjejeniyoyin haya suna da sharaɗi kan baƙon da zai daɗe, ga baƙi biyu a jere.

Yar_Baba:
Ni ina tsakiya. Tsawon ba shi ne matsalar ba a nawa ganin, na ga wanda ya yi mako ɗaya aka gaji da shi, na ga wadda ta yi wata biyu yara suna kuka ranar tafiyarta. In akwai wasu 'yan'uwa ko ƙawa a wani gari cikin yankin, ta raba zaman, ta je ta yi 'yan kwanaki ta dawo. Kowa ya huta, ita ma ta ga wuri.

Mai_Lissafi:
In ta shiga 15 ga Nuwamba ta fita 22 ga Disamba, kwana 38 ne, babu wata damuwa ta doka. In ta bi ta Abban_Hanif ta shiga 1 ga Nuwamba, 52 ne, shi ma lafiya. Abin lura kawai kujerun jirgi a makon Kirsimeti suna cika da wuri.

Kawu_Sale:
Kafin ki tsayar da ranar fita, ki rubuta wa makarantar ki tambayi ranar da ɗakunan kwanan ɗalibai ke buɗewa ga sababbin shiga na Janairu. Jami'o'i da yawa suna rufe ofisoshinsu daga wajen Kirsimeti har bayan sabuwar shekara. In kika sauka 22 ga Disamba ba ki da makulli, otal za ki yi ta biya a cikin sanyin Toronto, alhali ga gidan yayanki kin baro. Wataƙila ma abin da ya fi shi ne ki matsar da zaman gaba gaba ɗaya, ki yi sabuwar shekara da su, ki tashi farkon Janairu daidai da buɗewar. Sai dai ki sake kiran Anti ki ji ko suna da nasu shirin na hutun.